Sharhi: Sanin iskar sama ba ilimin masu ƙoshi ba ne

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Tun da muka yi shiri a kan iskar sararin sama a makon jiya, wani malami daga Gadarif ta Sudan ya aiko mana da saƙo cikin fushi. Wai ƙasa na fama da yaƙi tun Afrilun 2023, dawa ta yi tsada, mu kuwa muna hirar abin da ke kilomita 100 a bisa kanmu. Ya ce wannan ilimin masu ƙoshi ne.

Malam, da me ka saurari shirin? Da rediyo. To, ka riga ka amsa wa kanka.

Na zauna da wani dattijo a Mai Wurno bayan sallar Magariba, rediyonsa a cinya, yana neman labarai a gajeren zango. Murya ta zo, ta dusashe, ta sake dawowa. Ya ja eriya, ya bubbuga akwatin, ya fitar da batir ya lasa, ya ɗora wa mai shago laifi. Batir lafiyarsa lau. Muryar nan sai ta hau sama ta bugi wani shimfiɗin iska mai ɗauke da lantarki, ayonosfiya, kafin ta faɗo masa. Idan shimfiɗin ya motsa, murya ta motsa.

Rana ce babbar mai juya shi, ban musa ba. Amma akwai hannu na biyu daga ƙasa. Yadda teku ke tumbatsa ya janye, haka iska ma take yi, sai dai ita zafin rana ke tura ta, wanda tururin ruwa da iskar ozon ke sha. A ƙasashenmu masu zafi ma'aunin nauyin iska na hawa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen ƙarfe 4 na asuba da 4 na yamma, kullum ta Allah. A nan ƙasa motsin ɗan kaɗan ne. Yana hawa iska na ƙara sirancewa, shi kuma yana ƙara girma, har ya zama guguwa a can.

Kuma ƙarfin tumbatsar iskar nan na bana ba lallai ya zama na baɗi ba, domin wasu iskoki na can sama na sauya ta. Abin da muke ta faɗa ke nan! A 1883 tokar dutse mai aman wuta na Krakatowa ta zagaye duniya ta nufi yamma. A 1908 wani Bajamushe, Arthur Berson, ya saki balan-balan a tafkin Biktoriya, ya tarar iskar can sama gabas ta nufa. Aka shekara hamsin ana mamaki, sai wajen 1961 aka gane iska ɗaya ce mai juya fuska, tana kammala zagayenta cikin kimanin wata 28. Tumbatsar nan dole ta ratsa ta cikinta, kuma takan fi ƙarfi idan iskar ta nufi gabas. Ga El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik mai dawowa bayan shekara 2 zuwa 7, yana kawar da hadarin tekun daga mazauninsa, tumbatsar ta sauya. Shi ne dai El Ninon da kan rage ruwan sama a tsaunukan Habasha, Nilu ya zo a rame, manomin riɗi ya kwana da tagumi. Abin da ya taɓa gonarka, Malam, shi ya taɓa rediyonka.

Kashi nawa na dusashewar muryar rediyon dattijon nan za a ɗora wa wannan? Masana na kan aunawa. Amma a ce bai shafe mu ba? Haba! Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Habasha ya ratsa, nan maƙwabtanmu, kuma a irin wannan yanki ne sama ta fi rikicewa bayan faɗuwar rana, har GPS na waya ya nuna wa direba inda ba nan yake ba. A Fabrairun 2024 da aka yanke intanet, mutane da yawa rediyo suka koma wa don jin halin da garuruwan danginsu ke ciki. Mai ƙoshi yana da hanya goma ta jin labari. Dattijon Mai Wurno ɗaya gare shi, kuma ta sama take bi.

Mako mai zuwa za mu ci gaba da batun, in Allah ya kai mu, kuma Malam, muna jiran saƙonka na biyu.