Sharhi: Rumbun da ke ƙarƙashin Tafkin Chadi

Jama'a masu saurare, duk masuncin da ya taɓa tura kwalekwale cikin kachalla a gefen Tafkin Chadi ya san abin nan: ka caka sanda cikin taɓo, sai kumfa ta taso ɓul-ɓul. Galibin kumfar nan iskar mitan ce, wata iska mai riƙe zafi a sararin sama, kuma daga wani rumbu take fitowa.

Tafkin ba shi da zurfi, a wurare da dama dogon mutum zai tsaya kansa a waje. Ga rana, ga takin da kogin Shari da Komadugu Yobe ke wankowa, don haka gansakuka da ciyayin ruwa sai abin da ya ci gaba. Suna raye suna zuƙar iskar kabon, in sun mutu su nutse. A can ƙasa iskar numfashi ta yi ƙaranci, ruɓewa na tafiyar hawainiya, kabon ya yi ta taruwa shekara kan shekara. Baƙin taɓon nan ke nan.

Sai dai rumbun yana yoyo. Ƙananan halittun da ke cin mataccen ganye a taɓo su ke fitar da mitan, wadda cikin shekara 100 take riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon. A ruwa mai zurfi wasu ƙwayoyin kan cinye wani kaso nata a hanya. A nan kuwa, kafin ka ce kwabo ta kai sama. Ƙarin taki da ƙarin zafi, ƙarin kumfa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne bushewa. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, a shekarun 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Da ruwa ya janye, iska ta shiga taɓo, abin da aka daɗe ana tarawa ya kama hanyar sama. Ban ga laifin manomin da ya bi sawun ruwa ya shuka masara da wake ba, ai abinci yake nema. Amma ya kamata Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena ta riƙa sa taɓon nan a lissafinta, yadda take sa kifi da noman rani.

Ga misalin inda bushewa ke kaiwa: arewa maso gabas da tafkin akwai kwarin Bodele, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe ƙurmus. Daga can ne yawancin hazon hunturu ke tasowa ya lulluɓe Kano.