Yau Ni da Zarto a Lambun Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka daga Bamingham ta ƙasar Ingila. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin Janairu ne, yatsuna ma da ƙyar suke riƙe wayar.

Kun ga bishiyar tuffar nan? Irin wadda ake ce wa Bramley ce, mai tsami, ta girki. Guguwar Darragh da aka yi a farkon Disambar 2024 ita ce ta karya mata wannan reshen, tun lokacin yake reto a kan katangar maƙwabci. Yau zan raba shi da ita.

Matsalar hunturun ƙasar nan, yawancin bishiyoyi tsirara suke, kamar gawo da damina. Shekarar da na zo, saura ƙiris in sare tuffar nan gaba ɗaya, na ɗauka ta mutu. To ga yadda ake ganewa, bari in matso da kyamara. Ka kankare ɓawon da farce kaɗan. Kun ga kore shar, da danshi? Da ransa. Wannan kuwa, ku duba, ruwan ƙasa ne, a bushe, ina lanƙwasa shi sai ƙaras. Ya tafi.

Babban reshe ba a far masa daga sama. Na taɓa yin haka, irin saran adda na gida, nauyinsa ya ja ɓawon ya ɗaye har jikin uwar bishiyar. Ga tabon nan, har yau bai rufe ba. Yanzu sai in matsa kamar taƙi ɗaya daga gindin reshen, in fara yanka ta ƙasa, kaɗan kawai. Sannan in dawo ta sama, gaba da wancan yankan. Ku ja baya... yauwa, ya faɗi. Saura guntun. Akwai wani ɗan kumburi kamar zobe inda reshe ya haɗu da uwa, a bakinsa zan yanke, ba zan taɓa zoben ba, domin daga nan nama yake tasowa ya rufe ciwon. Fenti ma ba na shafawa, iska ta ishe shi.

Hannu na ƙaiƙayi, amma ba zan wuce kashi 20 cikin 100 na rassan ba. Ka yi mata aski da yawa, baɗi ta cika maka da tsiro miƙaƙƙu marasa 'ya'ya.

Waccan ta kusurwa kuma pulam ce, wata bishiya mai 'ya'ya masu ƙwallo a ciki, ita ma tana da busasshen reshe, amma ko kallonta zarto ba zai yi ba sai Yuni ko Yuli. Dattijon Baturen da ke maƙwabtaka da ni ya hana ni tun bara. Yankanta a cikin sanyi da damshi ƙofa yake buɗe wa wata funfuna da ke mayar da ganye launin azurfa, ta bi reshe tana kashewa.

Bari in goge zarton, in daddatsa wannan ya shiga kwandon sharar lambu. Maman yara ta leƙo sau biyu, shayi na hucewa.