Yadda Ake Ɗora Hoton Jarumin Fim a Kan Kek ɗin Zagayowar Ranar Haihuwa

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Mutane da yawa sun iya gasa kek mai daɗi a gida, amma da zarar yaro ya ce a zana masa jarumin fim ɗin da yake ƙauna a kai, sai gabansu ya faɗi, domin suna ganin aikin na masu baiwar zane ne kaɗai. Hanyar da za mu nuna tana buƙatar hoto mai sauƙi da sanyi da haƙuri kawai: za a bi layin hoton da kirim a kan takarda, a daskarar da shi a firiza, sannan a kife shi a kan kek.

Nasarar aikin tana farawa ne daga zaɓen hoto. A nemi wanda layukansa suke da kauri, launukansa kuma ba su wuce huɗu ko biyar ba, irin na littattafan da yara suke shafa wa kala. Fuska kaɗai ta fi cikakken jiki sauƙi, kuma da ita yaro yake gane gwaninsa. A buga hoton a juye, dama ta koma hagu, tunda kife shi za a yi. Idan akwai harafi a ƙirjin jarumin kuma ba a juya ba, a baibai zai fito.

Wajen haɗa kirim, a buga bota giram 250 har ta yi haske, a zuba tankaɗaɗɗen garin sukari giram 500 kaɗan-kaɗan, a ƙara madara cokali ɗaya ko biyu. A raba shi a ƙananan kwanoni gwargwadon launukan hoton. Kalar abinci mai kauri ta fi ta ruwa, saboda ba ta tsinka kirim. Baƙi da ja su ne masu wahalar samu, kuma yawan zuba musu kala yana kawo ɗaci, don haka a fara baƙin da garin koko kafin a ɗiga kala, sannan a bar su su kwana a rufe, domin launin yana ƙara nuna da kansa.

Yanzu a shimfiɗa hoton a kan farantin gilashi, a rufe shi da takardar gashi, wato wadda ake shimfiɗawa wajen gasa kek, a manne gefunan da salatif. Da baƙin kirim ake fara zana layukan hoton, a cikin ledar matsi mai siririn baki, ana bin layin a hankali ba tare da ɗaga hannu barkatai ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, duk abin da ya fara taɓa takarda shi ne zai fito a gaba. Saboda haka ɗigon farin da ke cikin ƙwayar ido shi ake fara sawa, kafin baƙin ido, kafin launin fuska. A nan ne ya cancanci a ɓata lokaci, domin idan ido ya karkace ko da kaɗan ne, kamannin jarumin sun tafi, ko da sauran aikin ya yi kyau. A saka farantin a firiza na minti 15 don layin ya ƙame, sannan a cike gurbin kowane launi. A zare hoton da aka buga daga ƙarƙashin takardar, a ɗaga farantin a leƙa ta ƙasa, duk inda aka ga ramin iska a tura kirim da tsinke ya toshe shi. Daga ƙarshe a shafe bayan hoton gaba ɗaya da kirim mai launin saman kek, a mayar firiza na aƙalla awa biyu.

Shi kuwa kek, lallai ne ya huce sarai, tunda bota tana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 32 zuwa 35. A yanke tudun samansa ya daidaita, a yi masa shafen farko marar kauri wanda zai kama ɓurɓushi, a sa a firij na minti 30, sannan a yi shafe na biyu.

Da an ciro hoton kirim ɗin daga firiza, kada a tsaya jinkiri, domin ɗumin hannu ma yana sassauta shi. A kife shi a tsakiyar kek, a danna a hankali, a ɓare takardar daga gefe guda. A zagaye bakin hoton da ƙananan ɗigon kirim don ɓoye mahaɗar. Sai a ajiye kek ɗin a firij ya saki sannu a hankali; idan aka bar shi a waje nan take, raɓa za ta taru a kansa, baƙin ya zubo cikin sauran launuka. Idan an ga ɗigon ruwa kada a goge, a bar shi ya bushe da kansa. A fito da kek ɗin kamar awa ɗaya kafin a yanka, domin kirim ɗin ya yi laushi.