Fitilar Dutse ta Kodiak: Yadda Mutanen Alutiiq Ke Maido da Kayan Gidansu

Ku dubi wannan dutsen da kyau. An fafe cikinsa kamar 'yar ƙwarya, an zuba man dabbar teku, an kwantar da lagwani a bakinsa. Sunan fitilar naniq, kuma duk wanda ya san aci-balbal ya gane ta. A tsibirin Kodiak, kudu da jihar Alaska ta Amurka, sau da yawa da kunna ta ake buɗe taron al'ada. Dattijo ne ke kunnawa, yara na zagaye da shi.

Masu fitilar su ne Alutiiq. Sunansu na asali Sugpiaq, wato mutum na ainihi. Alutiiq ɗin daga bakin Rashawa ya samo tushe, don sun yi musu kuɗin goro da maƙwabtansu, suka kira su duka Aleut. Sama da shekara 7,500 ke nan kakanninsu na zaune a wannan gaɓar teku, suna kamun kifi, suna farauta cikin kwalekwalen fata da suke kira qayaq.

Amma yau sai an koya wa da yawansu waɗannan al'adu. To me zai sa a shirya wa mutum darasi a kan abin gidansu? Sai an waiwayi abin da ya faru.

A 1784 wani ɗan kasuwar Rasha, Grigory Shelikhov, ya sauka Kodiak da bindigogi. Jama'a suka gudu kan wani tsauni a cikin ruwa, aka bi su aka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara. Sunan wurin a harshensu Awa'uq, ma'ana jiki ya mutu, ba ya jin komai. Maza aka tilasta musu farautar karen ruwa saboda fatarsa. A 1867 Rasha ta sayar wa Amurka Alaska a kan dala miliyan 7.2, sai makaranta ta zo da nata: yaron da ya yi yarensu a aji, hukunci. Waɗannan yaran da suka girma, da yawa suka ƙi koya wa nasu 'ya'yan, don kada su sha irin wuyar da suka sha. Ni dai ba zan ga laifinsu ba.

A 1964 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka share ƙauyuka, ciki har da Afognak. A 1989 kuma jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau dutse, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya malale, har ya isa gaɓar Kodiak, ya ɓata wuraren kamun kifi da kufan kakanni. Daga kuɗin diyyar wannan ɓarna aka ware dala miliyan 1.5, aka gina gidan tarihin Alutiiq. A 1995 aka buɗe shi, kuma ƙungiyoyin 'yan asalin yankin ne ke jan ragamarsa.

Yanzu ga labarin da ya fi taɓa min zuciya, na fuskokin katako, waɗanda ake sassaƙawa a rufe fuska da su.

A da, lokacin bukukuwan hunturu, da su ake rawa. In an gama, akan ƙone wasu, wasu a ɓoye cikin kogo. A hankali sassaƙar ta mutu. Amma a 1871 zuwa 1872 wani matashin Bafaranshe, Alphonse Pinart, ya zaga ƙauyuka a kwalekwale, ya tara fuskoki masu yawa, ya kuma rubuta waƙoƙin da ake rerawa da su. Ya kai su Faransa, suka zauna a wani gidan tarihi a garin Boulogne-sur-Mer fiye da shekara 100, yawancin masu abin ba su ma san suna nan ba.

Wata mai zane 'yar Alutiiq, Helen Simeonoff, ta yi tattaki ta gano su da idonta, ta dawo gida da hotuna. Daga baya masassaƙa suka bi sawu. Hoto fa gaba kawai yake nunawa. Shi masassaƙi so yake ya juya bayan fuskar, ya ga kaurin itacen, ya ga inda wuƙa ta bi, ya ga ramukan da aka soka gashin tsuntsu. A 2008, lokacin da Sven Haakanson ke shugabantar gidan tarihin Alutiiq, aka kawo 34 daga cikinsu Kodiak. Aro aka bayar, suka koma Faransa bayan nuni. Amma yau a Kodiak akwai masu sassaƙa sababbi, akwai masu rawa da su.

Harshe ya fi wuya, don waɗanda suka tashi da shi a baki tsiraru ne, kuma duk sun manyanta. Tun 1998 gidan rediyon KMXT ke watsa kalma guda ta Alutiiq kowane mako, da jimla, da ɗan bayanin al'ada. An haɗa dattawa da almajirai, kowane ɗalibi ya liƙe wa malaminsa, a gida, a wurin aiki. An kuma kafa majalisar dattawa mai ƙirƙiro sababbin kalmomi, domin harshen da ba shi da sunan kwamfuta, yaro ba zai daɗe a cikinsa ba.

Sai sansanonin bazara. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dig Afognak, wanda ya fara a matsayin aikin tonon kayan tarihi, daga baya ya zama wurin da ake kai yara su kwana su tashi tare da dattawa. Kalli hannun yarinyar nan, kakarta na riƙe da wuyan hannun, tana nuna mata yadda ake feɗe kifi a shanya a hayaƙi. Can gefe ana saƙar kwando da ciyawar bakin teku. Da safe gaisuwa Cama'i, in an miƙo maka abu ka ce Quyanaa. Kuma wannan sansani a tsibirin Afognak yake, tsibirin da iyayen wasunsu da kakanni suka bari bayan ambaliyar 1964, suka koma sabon gari mai suna Port Lions.