Yadda Ake Tsara Zoben Ƙarfe Mai Buɗewa da Tsukewa

A ce muna da zoben ƙarfe. Faɗinsa milimita 50 ne, muna son ya riƙa buɗewa har 60, ya kuma koma. Kafin a taɓa ƙarfe sai an yi lissafin kewaye. Duk milimita ɗaya da faɗi ya ƙaru, kewaye yana ƙaruwa da milimita 3.14. Daga 50 zuwa 60 ke nan sai an samo wa zoben ƙarin tsayi na milimita 31.4. Ƙarfe kuwa ba roba ba ne, ba zai miƙe haka ba. Dukan aikin ya ta'allaƙa ne kan inda za a ɓoye wannan tsayin idan zobe ya tsuke.

Hanya mafi sauƙi ita ce siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa wanda baki ɗaya ke hawa kan ɗaya, irin maɗaurin da ake matse tiyo da shi. Ana yanka ramuka a jikinsa, noti yana juyawa yana jan su, kuma idan an saki notin ba ya warwarewa da kansa. Abin lura a nan kauri ne. Idan an lanƙwasa ƙarfe mai kaurin rabin milimita a faɗin 60 sannan aka matse shi zuwa 50, nauyin da ke kan fatarsa ya kai wajen megafaskal 330 (megafaskal ma'aunin matsi ne a jikin ƙarfe). Ƙarfen sifirin zai ɗauka ya koma yadda yake. Ƙarfe na gama-gari yana fara sarewa tun wajen 250, sai ya lanƙwashe ya zauna haka. A ninka kaurin zuwa milimita ɗaya, nauyin ma ya ninka. Mutane da yawa suna ƙara kauri don zoben ya yi ƙarfi, alhali kaurin ne ke kashe shi. Idan ana son ƙarfi, a ƙara faɗin siririn, a bar kaurin.

Aibin wannan hanya shi ne tudun da ke inda bakunan suka haɗu. Ga matse tiyo ba komai. Idan abin da za a riƙe yana buƙatar zama daidai a tsakiya, wannan tudun zai ture shi gefe.

Nan ne ake komawa ga zobe mai gaɓoɓi. A yanka zoben gida shida, kowace gaɓa tana zamewa a cikin hanyarta, daga tsakiya zuwa waje. Kowace za ta yi tafiyar milimita 5 ne kawai, rabin canjin faɗin. Amma akwai matsala biyu. Da zoben ya buɗe, giɓi ya bayyana tsakanin gaɓoɓin, sama da milimita 5 a kowane wuri. Ta biyu kuma ta fi ɓoyuwa: an sassaƙa kowace gaɓa da lanƙwasar faɗin 50, ba za ta sauya siffa don an tura ta waje ba. A faɗin 60, bakunan gaɓar suna kasa kaiwa da'irar da kusan milimita 0.56. Idan aka mayar da gaɓoɓin 12, kuskuren ya sauko zuwa 0.14, wato ninka yawan gaɓa sau biyu yana rage shi sau huɗu. Sai dai kowace gaɓa da aka ƙara tana zuwa da fil ɗinta (ƙusar da ke tura ta), da hanyarta, da nata sako-sakon. Dabara mai kyau ita ce a sassaƙa lanƙwasar a tsakiyar zangon, wato 55, kuskuren ya rabu biyu. Giɓin kuma a rufe shi da yatsu masu shiga juna a bakin kowace gaɓa, tsayinsu ya ɗara giɓin da milimita 2 ko 3 don kada su fice.

To me zai tura gaɓoɓin su tafi tare? Faifai ne a ƙasansu. Iri na farko yana da karkatattun ramuka, fil ɗin kowace gaɓa yana cikin nasa, da an murɗa faifan digiri 60 an gama buɗewa. Yana da sauri. Iri na biyu yana da rami guda mai naɗi kamar bayan dodon-koɗi, irin wanda ke cikin bakin injin sassaƙa ƙarfe mai haƙora uku. Shi sai an juya zagaye guda ko fiye.

Bambancinsu na gaske yana ga gangaren ramin. A nisan milimita 20 daga tsakiya, karkataccen ramin da ke tura milimita 5 cikin digiri 60 yana da gangaren digiri 13. Mai naɗin da ke tura 5 a cikakken zagaye, gangarensa bai kai digiri 3 ba. Ƙarfe a kan ƙarfe mai giris yana riƙe kansa ne idan gangaren bai wuce digiri 6 ba ko kusa da haka. Saboda haka mai naɗi yana tsayawa inda aka bar shi, na farko kuwa da an danne gaɓoɓin sai faifan ya juya baya. Wanda ya zaɓi sauri dole ya ƙara makulli, ko notin matsewa a gefen faifan.

Abin da ya fi lalata irin wannan zoben shi ne cijewa. Gaɓa mai gajeriyar hanya tana karkacewa ta maƙale, kamar aljihun tebur da aka ja ta kusurwa ɗaya. Tsayin hanyar ya kai ninki biyu na faɗinta, a bar tazarar kusan milimita 0.05 tsakanin gaɓar da hanyarta. Kada kuma a sa ƙarfe mara tsatsa ya goga da irinsa, domin suna cin juna har su manne. A yi faifan da tagulla, filolin da ƙarfe mai tauri. A ƙarshen kowane rami a bar rufaffen baki, don kada fil ya fice idan an murɗa fiye da kima.