Farfaɗiya a Jikin Yaro: Kwanakin da Ba Ta Tashi Ba

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, malaman makaranta, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zaure, sannunku da zuwa.

Bari in fara da laifinmu mu likitoci. Uwa ta shigo riƙe da hannun ɗanta, mu buɗe fayil, mu ce, "Hajiya, sau nawa farfaɗiyar ta tashi masa a watan nan?" Ta ce sau ɗaya. Mu rubuta an samu sauƙi, mu sallame su. To, sau ɗayan nan bai wuce minti biyu ko uku ba. Sauran kwanakin watan fa, yaya yaron ya yi su? Yana zuwa makaranta? Yana da abokin wasa? Tambayar da ba mu cika yi ba ke nan, kuma ita ta tara mu yau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Ciwon ƙwaƙwalwa ne: saƙon da jijiyoyinta ke aika wa juna ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Wahalar haihuwa kan jawo ta, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a ka, ko gado. Sau da yawa ma ba a gano dalili. Ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfar baki, ku riƙe wannan don Allah.

Malamai, ga naku. Akwai irin da ba a faɗuwa sam. Yarinya na cikin rubutu sai biro ya tsaya, ido ya kafe kamar daƙiƙa goma, ta dawo ta ga an wuce ta da layi biyu a allo. A wuni ɗaya abin na iya faruwa sau da dama. Sai a ce ba ta da hankali, a mai da ita bencin baya, alhali jinya take bukata.

Shi ma maganin yana da nasa nauyin. Phenobarbital, da ake amfani da shi tun 1912, yana aiki, amma yakan sa wani yaron gyangyaɗi, wani kuma ƙiriniya. Sodium valproate kuwa, in yarinya ta kai munzalin haihuwa, sai an zauna da ita da iyayenta, domin yana iya cutar da ɗan tayi. Ku faɗa mana abin da kuka gani, ana iya canza maganin. Amma kada ku yanke magani farat ɗaya, hatsarin hakan ya fi.

Yanzu iyaye, ku yi mini haƙuri, a nan zan ɗan taɓa ku. Na san tsoro ne da ƙauna. Sai dai yaron da aka hana ƙwallo, aka hana aike, aka hana fita da tsaransa, a ganina an ɗora masa ciwo na biyu. Yana leƙen wasa ta taga, yana koyon cewa shi ba kamar kowa ba ne. Abin kiyayewa sananne ne: wuta, hawa wuri mai tsawo, shiga ruwa babu babba a kusa. Ban da waɗannan, in likitansa bai hana ba, a bar shi ya yi gudu ya yi gumi.

Matasa kuma kunya ke cin su. Saurayi ɗan shekara 15 zai gwammace ya tsallake ƙwayar rana da abokai su gan shi yana sha. Ya raba dare yana latsa waya, ga shi rashin barci na tayar da farfaɗiya. Baƙin ciki da fargaba sun fi yawa a cikinsu, kuma ba za su faɗa ba sai an keɓe da su an tambaya.

Malam ya ɗaga hannu a can, yana tambayar me zai yi in ta tashi wa ɗalibi a aji. Ka janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Ka duba agogo: in ta wuce minti biyar, sai asibiti. In ya farfaɗo, ka kori 'yan kallo, ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa a hankali. In ya jiƙa wandonsa, ka rufa masa wani abu kafin ya miƙe.