Dodgers: kuɗi ne ya sayi kofin nan, ko hannun masu jifa ne ya ƙwato shi?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba Firimiya za mu taɓa ba, besbol za mu leƙa can Amurka, kuma ƙungiya ɗaya za mu baje a faifai, Los Angeles Dodgers, waɗanda suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, a 2024 suka sake ɗauka a 2025, abin da rabon da wata ƙungiya ta yi tun Yankees na 1998 zuwa 2000. In ka shiga wajen da magoya baya ke musu za ka ji ɓangare biyu, wasu na cewa ai kuɗi kawai suka zuba suka sayi kofi, su kuma 'yan Dodgers ɗin kansu duk tsawon kakar 2025 kuka suke, wai masu jifan ƙarshen wasa sun lalace, wai shugabanni sun yi barci a kasuwar musaya, wai koci bai iya jera masu duka ba. To wa ke da gaskiya? Mu bi a hankali.

Ga wanda bai saba da wasan ba, abu kaɗan nake so ka riƙe. Wasa zagaye 9 ne (in an yi kunnen doki a ƙara), kowane zagaye ƙungiya na ta dukan ƙwallo har sai an fitar mata da mutum uku, sannan su juya su koma tsaro. In mai duka ya buga ƙwallo ya isa tasha lafiya, shi ne bugu, in ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida ya ci maki ɗaya, in kuma ƙwallon ta tsallake katanga shi ne hom ran, shi da duk wanda ke kan tasha sun ci maki. Mai jifan da ya buɗe wasa yakan jefa ƙwallo wajen 100 ya sauka, daga nan kuma sai ya huta kwana huɗu ko biyar don hannu ba ƙarfe ba ne, shi ya sa kowace ƙungiya ke ajiye masu buɗe wasa wajen biyar suna karɓa-karɓa. In ya sauka sai 'yan bulfen su shigo, su ne masu jifan da ke jira a gefe, wannan ya yi zagaye ɗaya wancan ya yi ɗaya, na ƙarshensu shi ne mai rufe wasa. Kaka kuma wasa 162 ce kafin a shiga wasannin fitar da gwani na Oktoba, inda a karawar ƙarshe wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi. Shi ke nan, da wannan ka gane komai da zan faɗa.

Maganar kuɗi dai ba ƙarya a ciki, kar ma wani ɗan Dodgers ya zo yana kwana-kwana. Disambar 2023 suka ɗauko Shohei Ohtani kan dala miliyan 700 na shekara 10, kuma dabarar da ta ƙona wa mutane rai ita ce miliyan 680 daga ciki sai daga 2034 za a fara biyansa, yanzu miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. A watan nan dai suka ƙara da Yoshinobu Yamamoto daga Orix Buffaloes ta Japan, dala miliyan 325 shekara 12, mutumin da a lokacin ko ƙwallo ɗaya bai taɓa jefawa a gasar Amurka ba. Shekara na zagayowa suka kawo Blake Snell kan miliyan 182. Gasar MLB, wato babbar gasar besbol ɗin Amurka, ba ta da iyakar albashi, haraji kawai ake ci wa wanda ya wuce layi, su kuma Dodgers sun ce a ci, za su biya.

Amma ba kowa aka saya da kuɗi ba, nan ne musaya ke shigowa, kuma nan masu kallon ƙwallon ƙafa ke ruɗewa. A can ba a cika biyan ƙungiya tsabar kuɗi a ɗauke ɗan wasanta kamar yadda Madrid ko Chelsea ke yi ba, mutum ake bayarwa a karɓi mutum, yawanci ka ba da yara masu tasowa ka karɓi gwani wanda ya riga ya nuna. Haka suka samo Mookie Betts daga Boston a Fabrairun 2020, suka ba da Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong, cinikin da har yau in ka tuna wa ɗan Boston sai ransa ya ɓaci. Haka suka samo Tyler Glasnow daga Tampa Bay, suka ba da Ryan Pepiot da Jonny DeLuca. Mai ƙulla duk wannan shi ne Andrew Friedman, wanda shi ma daga Tampa Bay ɗin ya zo a 2014, wajen da ya koyi yin miya da cefane kaɗan, sai ga shi an damƙa masa jakar kuɗi.

To yanzu ku duba 2024. Duk tulin masu jifan nan, Oktoba na zuwa sai ga asibiti ya cika. Glasnow ba shi, Clayton Kershaw ba shi, Ohtani kuwa duk shekarar bai yi jifa ba don an yi masa aiki a gwiwar hannu, duka kawai yake yi, ya buga hom ran 54 ya saci tasha 59, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba. Masu buɗe wasa uku suka rage, Yamamoto da Walker Buehler da Jack Flaherty, shi Flahertyn ma a ranar ƙarshe ta kasuwa a watan Yuli aka ɗauko shi daga Detroit. A makon nan dai suka karɓo Tommy Edman daga St. Louis da Michael Kopech daga White Sox a wata musaya ta ƙungiyoyi uku, Edman ɗin da ya zo da rauni ko wasa bai fara ba, shi ne ya zama gwarzon karawarsu da Mets. Ranar da babu mai buɗewa kuwa sai koci Dave Roberts ya yi ta turo 'yan bulfen ɗaya bayan ɗaya har wasa ya ƙare. A haka suka ci Yankees wasa 4 da 1. Wato shekarar nan bulfen da masu duka ne suka ɗauki kayan.

2025 sai komai ya juye. Suka ce bari mu ƙarfafa bulfen, suka ba Tanner Scott dala miliyan 72 na shekara 4 ya zama mai rufe wasa, bawan Allah ya zo ya ɓarar da wasa har sau 10 bayan an damƙa masa nasara a hannu. In kana son ka ga abin da ya sa magoya baya ke kumfar baki to ka nemi wasan 6 ga Satumba a Baltimore. Yamamoto ya kai zagaye na 9, an fitar da mutum biyu, ba wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa tun farkon wasa, Dodgers na gaba 3 da nema, saura mutum ɗaya tal ya kafa tarihi, sai Jackson Holliday ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga. To ba komai, har yanzu 3 da 1 ne, saura dai mutum ɗaya. Aka cire shi aka sa Blake Treinen, ya kasa fitar da kowa, aka sa Scott, shi kuma aka gama da shi, Baltimore ta ci 4 da 3. Wallahi ko ba ƙungiyarka ba ce sai ka ji tausayin Yamamoto a daren nan.

Kuma kafin wannan, ƙarshen Yuli da kowa ke jiran su ɗauko babban mai rufe wasa, sai suka dawo daga kasuwa da Brock Stewart daga Minnesota da Alex Call daga Washington, iyakarta kenan kusan. Mutane suka ce Friedman ya raina musu hankali. Suka gama kakar da cin wasa 93, wanda ga ƙungiyar da ta kashe wannan dukiya ba abin a zo a gani ba ne.

Ni a ganina masu zagin nan sun kalli abin ta gefe ɗaya. Lissafin da aka yi a ofis shi ne, ba sai ka fi kowa a watan Yuni ba, ka dai kai masu buɗe wasanka Oktoba da lafiyarsu. Snell ya daɗe a jinya ya dawo, Glasnow haka, Ohtani ya koma jifa a tsakiyar Yuni aka riƙa lallaɓa shi zagaye ɗaya, biyu, uku, ba gaggawa. Oktoba na kamawa sai ga su huɗu sun tsaya cak. Milwaukee Brewers su suka fi kowa cin wasa a kakar, 97, amma a karawa huɗu da Dodgers maki ɗai-ɗai suka samu a kowane wasa. Snell ya yi zagaye 8 bugu ɗaya kawai aka samu a kansa, Yamamoto ya jefa wasa guda cur shi kaɗai, Ohtani kuma a wasa na huɗu ya fitar da mutum 10 da jifa, ya kuma ɗauki sanda ya buga hom ran 3. Matsalar mai rufe wasa kuwa Roki Sasaki aka liƙa a wajen, yaron Japan da aka ɗauko don buɗe wasa ya ji ciwo a kafaɗa, ya dawo aka ce to kai ka rufe. Scott mai miliyan 72 ko ƙwallo ɗaya bai jefa ba a Oktoban.

Sai mu zo kan jerin masu duka, don nan ne musu ya fi zafi a karawar ƙarshe da Toronto Blue Jays. A takarda jerin na da ban tsoro, Ohtani na ɗaya, Betts na biyu, Freddie Freeman na uku, dukansu sun taɓa zama gwarzon shekara. Amma sandar Betts ta yi sanyi, kuma in wanda ke bayanka ya yi sanyi to ba wanda zai tsaya jefa maka ƙwallo. A wasa na 3, wanda ya kai zagaye 18, Ohtani ya buga hom ran biyu da bugu biyu masu tasha biyu, daga nan Toronto suka ce mun gode, suka riƙa wuce da shi tasha ta farko da gangan ba tare da sun bar shi ya buga ba har sau huɗu don su fuskanci Betts. Wasan nan ya ci awa 6 da minti 39, mu nan an fara wajen ƙarfe ɗaya na dare, sai kusan takwas na safe Freeman ya ƙare shi da hom ran, wanda ya kalla ya yi Asuba a tsakiyar wasa. Kuma wanda ya riƙe su zagaye huɗun ƙarshe ba a ci shi ko maki ɗaya ba Will Klein ne, wani da aka karɓo daga Seattle a watan Yuni a musayar da ko labarinta ba a yi ba, ya jefa ƙwallo 72.

Da suka sha kashi a wasa na 4 Roberts ya taɓa jerin. Ya ɗago Will Smith zuwa na biyu, ya sauke Betts na uku, a wasa na 6 ya ƙara sauke shi na huɗu, ya kuma sa tsohon hannu Miguel Rojas. Betts ya buga wadda ta kawo maki biyu suka ci 3 da 1. Masu cewa tun farko ya kamata a yi haka suna da hujja, ba zan musa ba, amma kar a zuzuta, don duk da gyaran sandunan ba su farka ba. A wasanni bakwai ɗin Toronto maki 34 suka ci, Dodgers 26, kuma Dodgers ne suka tafi da kofi.

Wasa na 7 shi ya fi nuna abin da nake faɗa. Ohtani ya buɗe, Bo Bichette ya buga masa hom ran mai maki uku. Roberts bai yarda da bulfen ɗinsa ba, sai ya riƙa kiran masu buɗe wasa, Glasnow ya shiga, Snell ya shiga. Zagaye na 9 Toronto na gaba 4 da 3, saura mutum biyu su ɗaga kofi a gidansu, Rojas da ke can ƙasan jeri na tara ya buga hom ran ya farke. Sannan aka kira Yamamoto, wanda jiya-jiyan nan ya jefa ƙwallo 96, ba hutun ko kwana ɗaya. Tashoshi uku suka cika, Rojas ya tare wata ƙwallo yana tangal-tangal ya wurga wa Smith da ke tsaron tashar gida aka fitar da mai gudu da ɗan taƙin ƙafa, Andy Pages da aka sako don tsaro kawai ya bangaje abokinsa Kiké Hernández ya cafke ta gaba. Zagaye na 11 Smith ya buga hom ran, Yamamoto ya rufe, 5 da 4. Cikin nasara huɗu uku sunansa ne a kai, shi aka ba gwarzo.

To mai cewa kuɗi ne, eh kuɗi ne ya kawo Yamamoto, kuma kuɗi ne ya sa in Scott ya faɗi ko Michael Conforto mai miliyan 17 ya kasa duka ba a jin zafi sosai, ƙaramar ƙungiya kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya kashe mata shekara. Nan ne ainihin fifikon yake. Amma ci 26 da 34 ba sayayya ba ce, da ƙafar Smith ta ɗaga daga tasha a zagaye na 9 ɗin nan da yanzu wani labarin muke yi.

Su kansu shugabannin sun san da ƙyar suka sha, shi ya sa bayan kaka suka je kai tsaye kan ramukan biyu, suka ɗauko Edwin Díaz daga Mets ya rufe wasa kan dala miliyan 69 shekara 3, suka ƙara da Kyle Tucker kan miliyan 240 shekara 4 don jerin masu duka. Kershaw ya yi ritaya. Freeman haihuwar 1989 ne, Betts 1992, shekaru na tafiya, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi wa'adinta 1 ga Disambar 2026 ne, inda batun sa iyakar albashi shi ne babban abin faɗa, ƙungiyar 'yan wasa kuma tun yajin aikin 1994 ba ta taɓa yarda da shi ba.